Zanen da Na Baro a Kasuwar Isa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tumba, da ke kwance a maƙabartar Tsamaye.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Kin san karatuna bai wuce allo ba, shi ma noma ya raba ni da shi, sai ki yi haƙuri da rubutun. Na rubuta ne don bakina ya kasa faɗi, wanda duk ya karanta kuma shi zama shaida.

Inna, an karɓi lefena. Ran Jumma'a za a ɗaura aurena da Dije, ɗiyar maƙwabtanmu da ke zuwa taya ki kaɗi. Mutane sai barka suke yi mini, ni kuwa na san abin da na aikata.

Kin tuna zanen saƙin nan? Rani biyu kuna kan zarensa a gindin rumbu, ke kina kaɗi, Dije tana shiɓar auduga. Ranar da masaƙi ya kawo shi kika naɗe, kika ce mini, "Wanga shi za ka aza bisa kwandon lefenka. Kada kowa shi ɗaura shi kafin matarka." Ba ki ga kakar shekarar ba.

Bayan harin mutanen Sakkwato ya tashe mu zuwa Sabon Birni, mu da su Dije, na yi yadda kika ce. Ƙanwarki Ige ta ɗauki kwandon ta kai, saƙinki a sama, ƙarƙashinsa zanuwa biyu da fatala da goro. Kafin la'asar sai ga ta da shi bisa kai. Goggonnin Dije sun zazzage kayan a tabarma, babbarsu Jimma ta ɗaga zanenki da yatsa biyu, ta ce ɗiyarsu ba ta shiga ɗaki sai da turkudin Kano, baƙin zanen nan mai walƙiya. Wai ɗiyar wani bafade uku aka kai mata.

Turkudi fa, Inna! A shekarar da maza ke dakon ƙasa suna tayar da ganuwa, fatake sun daina biyo hanyarmu. Ita Jimmar, da kunnena na ji kin ce da zane ɗaya da ƙwaryar goro aka kai ta gidan miji.

Ban yi gardama ba, kin san ni. Na jira kaka, na sayar da awakinki, aka ce ai kuɗinsa ya hau. Na sake jiran wata kakar, na buɗe rumbu na fid da geron da zai kai mu damina na sayar. Sannan aka ce babu shi ko'ina sai kasuwar Isa, cikin waɗanda muke yaƙi da su.

Na tafi. Na ari rawani na rufe kumatuna har ƙasan ido, don tsagar Gobir da kika sa wanzami ya yi mini ita za ta tona ni. Da iska ta kware shi, da yanzu ina ɗaure a rumfar bayi. Kuɗin wurin da na tara kuwa, na rasa abin ƙunshe shi mai ƙwari, sai na zuba a saƙinki na ƙulle. Nan na yi wauta.

Falken da ke sayar da turkudin ya duba kuɗin ya ce bai kai ba. Sai idonsa ya sauka kan zanen. Ya murza shi, ya ɗaga shi ga rana, ya ce ya daɗe bai ga zare mai laushi haka ba, in cika masa da shi. Baƙo ne ya san darajar hannunki, Inna, ba waɗanda suka ci tuwonki ba. Wani mai takobi yana tsaye gefe, ya ƙura wa rawanina ido. Na miƙa.

Ige ta ce da aka mayar da kwandon, Jimma ta goga turkudin a tafin hannu. Da ta ga shuni ya kama fatarta sai ta rangaɗa guɗa. Ba wadda ta tambayi inda na samo shi, ko mi amaryar za ta ci idan damina ta faɗi.

Shekaranjiya Dije ta aiko Ige da saƙo. Ta ce ita ba ta taɓa neman turkudi ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Zanen Inna take so ta ɗaura ranar tarewa, don akwai shiɓarta a ciki. In aiko mata da shi tun yanzu ta turara.

Kwana biyu ke nan ban ba da amsa ba. Gobe za ni gidansu in faɗa mata gaskiya da bakina, a gaban Jimma. Amma ke na fara gaya wa, don ke kika ba ni ajiyar.

Ki gafarce ni, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tufatar da ke da abin da ya fi wanda na salwantar. Matar da za ta ɗaura zanenki a can Isa, Allah Ya sa ta riƙa wanke shi a hankali.

Ɗanki da bai riƙe amana ba,
Nomau