Yadda Lubabatu Ta Kusa Rasa Allurar Ƙyanda

Dagumawa, Wudil,
12 ga Maris, 1974.

Zuwa ga ƙanena Sharhabilu a Fatakwal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a bakin aikinka, amin. Mu nan kowa lafiya. Ka lura, wannan rubutun hannuna ne, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci, har mai unguwa ba ya yanke shawara yanzu sai ya neme ni.

Ka san tun lokacin yaƙin basasa masu allurar rigakafi suka daina zuwa mana, aka ce an kwashe motocinsu. Da yaƙi ya ƙare sai annobar amai da gudawa ta janye malaman asibiti. Yaran da aka haifa a tsakani suka tashi ba allura, har da 'yarka Lubabatu. Bana kuwa ƙyanda ta ɓulla a garin Darki, nan kusa da mu, ta ɗauki yara biyu.

Sai aka aiko a rubuta sunayen yara, domin daidai adadinsu za a kawo maganin. Wa za a ba wannan aiki in ba ni ba? Na zauna a zaure, matata Indo tana shiga gidaje tana tambayar iyaye mata, ina rubutawa. Ranar allura na kira sunaye da babbar murya har na gama, sai ga yara goma sha ɗaya tsaye ban kira su ba, Lubabatu a gabansu. Ashe ba uwar da ta ambaci ɗanta na fari, saboda kunya! Matarka Huseina ma ƙaramin kaɗai ta faɗa. Malamin asibiti ya yi ta dariya, amma ya ce magani ya ƙare. Gwaggo Hansai ta ce in boko bai san ɗan fari ba, a mai da ni aji.

Ban yi fushi ba. Washegari na bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, su da ba sa jin nauyin jika, na sake takarda, na hau keke na kai ta Wudil da kaina. Ranar Talatar da ta wuce masu allurar suka dawo. An yi wa dukkan yaran, Lubabatu kuwa ta tsala ihu ta gartsa mini cizo a yatsa.

Gwaggo Hansai da Indo da Huseina suna gaishe ka. Ka gai da Haladu abokin aikinka. Na san kai ma ba za ka tambayi yarinyar ba, to na hutar da kai: tana nan garau, tana nuna wa kowa dantsenta.

Ni ne yayanka,
Malam Labaran