Sun Tafi Duwatsun Jojiya Ban da Ni

Yaya Mastura,

Na fita kina barci, zan kai su abokina Meshari filin jirgi. Ban da ni a tafiyar. Jiya da la'asar kafilina, maigidan da takardun zamana ke hannunsa, ya ce magana ta ƙare, ba zai ba ni izinin fita daga ƙasar ba, wai babu mai tsaya masa a shago. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina.

Kin san ni na nemo mana inda za mu yi zamiya a kan ƙanƙara a duwatsun ƙasar Jojiya: hanyar da ƙanƙara ba ta zaftarowa, ga ɗan jagora, a fita da safe a dawo kafin magariba. Yanzu ni da na san hanyar ina nan, Meshari kuwa ɗan kasada ne. Dole sai ya rantse mini a mota ba zai kauce wa hanyar ba.

Don Allah idan Umma ta tashi kar ki ce an hana ni, ki ce ni na fasa. Ba na so ta sake zama tana kukan ta haife mu a ƙasar da sai da izini muke motsi.

Daga can shago zan wuce.

Hatim