Kakana Yana Ɗaura Reshe a Kife

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Na fara wannan wasiƙa na goge, na sake farawa na goge, saboda ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan mutumin da ya goya ni. Zan yi ƙoƙari in raba miki abin da na gani da idona da abin da nake zato kawai. Idan na yi tsawo ki yi haƙuri. Ba ni da wanda zan kai wa kuka a gida, domin duk wanda ke gidan yana da hannu a maganar.

Bana na gama jami'a, kimiyyar tsirrai na karanta, ina zaune ina neman aiki. Gidan da muke na kakana ne na wajen uwa, Baba Tsoho muke ce masa. Ni da Mama mun dawo wurinsa bara, bayan rasuwar kakarmu. Ƙanin Mama, Kawu, yana ɗakin ƙofar gida.

Sana'ar Baba Tsoho auren itatuwa. Yakan yanko reshen lemo mai kyawun iri, ya tsaga jikin wata bishiyar, ya soka shi, ya ɗaure da leda har su haɗe su zama abu ɗaya. Da wannan ya ciyar da 'ya'yansa. Masu gonaki daga garuruwa masu nisa ke kiransa. Ya ɗauki jakar fatarsa da wuƙarsa da rassan da ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya hau mota, ya yi kwanaki, ya dawo ƙafafu a kumbure yana ba mu labarin wanda ya yi masa rowar shayi. Idan yana gida kuwa, daga sallar asuba sai lambun bayan gida. Can zai kife bokiti ya zauna a kai, yana wasa wuƙa, yana yi wa dashe faɗa kamar yaran da suka ƙi karatu. Farfesa yake kirana. Wai na ɓata shekaru ina karanta abin da akuya ta sani tun ranar da aka haife ta. Ni kuma in ce masa ai akuyar ba ta da takardar shaida, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Ga abin da na gani. Kafin a ɗaura reshe, ana tsige ganyensa a yanka shi guntu-guntu kamar tsawon yatsa. Bayan haka ba abin da ke nuna sama da ƙasa sai 'yan idanun da toho ke fitowa daga cikinsu, su kuwa sama suke kallo. Idan aka soka guntun a kife, yawanci ba ya kamawa, in ma ya kama ba ya ƙarko. Watan jiya ya ce in riƙe masa leda yana aiki. Na ga ya soka ɗaya a kife. Na ce a raina kuskure ne. Da ya shiga ciki na bi layin dashen ɗaya bayan ɗaya, na tarar kusan rabi a kife suke. Gwaggo, rabin ne ya tsorata ni. Mai gani da ya gaji zai kuskure jifa-jifa. Rabi kuwa shi ne abin da za a samu idan mutum yana ɗauka ne kawai a kan sa'a.

Daga nan na fara lura da sauran. Yana zuba shayi a gefen kofi. Ya daina duba waya, wai rubutun zamani kamar ƙafar tururuwa. Rannan ya yanke babban yatsansa bai sani ba, sai da na ga jini a jikin leda. Yana da ciwon suga tun da daɗewa, akwai likitan da ke duba shi. Ban ce shi ne sanadi ba, ni ba likita ba ce, amma na san yana iya taɓa ido, yana kuma iya kashe jin yatsu. Asibitin ido kuwa ko sunansa ba ya son ji, saboda wani amininsa ya shiga da ido ɗaya, ya fito ana yi masa jagora.

Na sami Mama a kicin na gaya mata, ina jira in ga ta firgita. Ko cokalin hannunta ba ta ajiye ba. Ta ce in jira ya kwanta bayan azahar. Da ya kwanta ta ja ni lambu, ta zaro wata ƙaramar wuƙa daga ƙugunta, ta kwance ledar, ta juya reshen, ta sake fiƙe bakinsa, ta mayar, ta ɗaure da irin ƙullinsa sak. Tun tana yarinya ya koya mata. Ashe tun bara take bin bayansa tana gyarawa.

To ga inda abin ya lalace. Na gida duk suna kamawa, sun yi kore shar. Na gonakin mutane kuwa ba mai bin bayansa. Idan suka kira da ƙorafi, wayar tana hannun Kawu, sai ya ce musu zafi ne ya yi yawa bana, ko ba su yi ban ruwa da kyau ba. Na taɓa jin wani ta cikin wayar yana cewa a gaida Dattijo, shi bai yi fushi ba, amma shekararsa ta tafi. In kuwa ƙorafin ya kai kunnen Baba Tsoho, sai ya nuna lambu da sanda ya ce ga nasa nan, hannu ɗaya ne, wuƙa ɗaya ce, ragwaye ne kawai ba sa son ɗaukar bokiti. Yana faɗa yana alfahari, Mama tana sunkuyar da kai.

Ba na so ki ɗauka Mama muguwa ce. Bayan rasuwar kakarmu, Baba Tsoho ya kwanta ya juya wa bango fuska, abinci sai an yi da gaske. Ba abin da ya tashe shi sai kiran wani mai gona, ranar ya ce a miƙo masa dutsen wasa wuƙa. Da na ce a gaya masa gaskiya, Mama ta ce in zan karɓe wuƙar nan in haɗa da sayen likkafani. Ta ce ni karatu na yi, ita kuwa ubanta ne. Tun ranar ba ma haɗa ido sosai.

Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne wani mutum mai gonar tsofaffin lemo, da ita kaɗai yake riƙe iyalinsa. Yana so a canja musu iri. Yadda ake yi shi ne a sare kawunan bishiyoyin gaba ɗaya, a ɗaura sababbin rassa a kan kututturen. Mutumin ya tanadi masu zarto, jiran saƙon Baba Tsoho kawai yake, shi kuma ya ce zai aika a ƙarshen watan nan. Reshen da aka ɗaura a kife ana iya sakewa wata shekarar. Kan bishiyar da aka sare ba ya komawa.

Kawu ya ce a gaya wa mutumin Baba ba shi da lafiya, a gaya wa Baba mutumin ya fasa. Mama ta ce in bi Baba gonar a matsayin mai riƙe jaka, ina gyarawa a ɓoye. Ba zan iya ba. A littafi na san aikin, hannuna bai faɗa ba, kuma a fili ne, ga ma'aikata, ga mai gona. Na je wurin Baba Tsoho da niyyar magana har sau biyu. Da ya ji takuna sai ya ce Farfesa an samu aikin ne, in ce tukuna, in juyo.

Gwaggo, in na faɗa ya koma ya kwanta bai tashi ba, da wane ido zan kalli Mama? In na yi shiru aka sare gonar bawan Allah, da wane baki zan ce ban sani ba?

Jikar mai lambu

*

'Yata, na karanta wasiƙarki, kuma abu na farko, ki daina zargin idonki. Abin da kika gani haka yake, lissafinki na rabi ma daidai ne.

Mamanki ba muguwa ba ce, na yarda. Ta ga ubanta ya juya wa bango fuska, ta rantse ba za ta sake gani ba. Tsoronta na gaskiya ne, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa ba zai sake kwanciya ba. Amma gyaranta iyakarsa katangar gida. A waje mutane ne ke biyan kuɗin kwanciyar hankalinku da shekarunsu, ana kuma ce musu laifinsu ne. Wannan haƙƙi ne, kuma ana ɗora wa tsohon nan shi bai sani ba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, mai lambu ya fi kowa sanin haka.

Dabarar Kawunki ki ajiye ta. Kira ɗaya tsakanin tsohon da mai gonar ya isa ya tona ta. Ta Mamanki ma ba mai yiwuwa ba ce, kin faɗi dalili da kanki.

Ki fara da Mama, a cikin makon nan, ba da sigar gardama ba. Ki ce mata ba za ki bi tsohon kina gyara a ɓoye ba, kuma ba za ki iya yin shiru har a ɗora zarto ba. Sannan ki tambaye ta abu ɗaya: daga bakin wa take so ya ji? Domin ji kam zai ji. Ko dai daga bakinta, ko daga bakin mutumin da aka lalata wa gona, a gaban ma'aikata, a garin da ba shi da kowa.

Ita ya kamata ta faɗa, ke kina gefenta. Ban da baƙi, ban da taron dangi. Kada ku ɗana masa tarko, kada ku miƙa masa reshe ku ce ya nuna sama da ƙasa, wannan cin fuska ne. Ta fara da abin da hannunta ya yi, ta nemi gafararsa. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu bai kula ku ba. Ku jure, ku ci gaba da kai abinci, ku zauna kusa. Fushin ma ya fi kwanciyar shiru. Ku ba shi dama shi da kansa ya ce wa mai gonar a dakata. In ya ƙi, Kawunki ya kira ya ce kada a sare komai sai an ji daga gida, kuma ku gaya wa tsohon kun yi haka.

Maganar asibiti, ku bi ta wurin likitan da ke duba masa suga, tunda da shi ya saba. Ki gaya masa batun shayin da batun yatsan, yadda kika gaya mini. Ban san me ke idon ba. Wani ana magance shi, wani sai dai a tsare abin da ya rage, amma kowanne ne jinkiri yana cinsa. Abin da ya sami amininsa ba lallai ne ya same shi ba.

Kada kuma ku ɗauka daga wuƙa sai likkafani. Sanin wane reshe ya ƙosa, wace bishiya za ta karɓa, wane lokaci ne daidai, duk yana kansa. Hannun da aka rasa kuwa yana gidan, na Mamanki ne, lambun ne shaidarta. In ya sauko, Mamanki ta riƙa binsa a fili, yana umarni tana yanka. Zai yi masa ɗaci da farko, wataƙila ya ƙi. Amma mutumin da ya koya wa 'yarsa ƙullinsa bai koya mata don ta ɓoye ba. Waɗanda aikinsu ya lalace a baya, ku faɗa masa sunayensu, ku bar shi ya zaɓi yadda zai gyara. Irinsa sun fi son a ce sun biya da a ce an rufa musu asiri.

Ke kuma ki ci gaba da neman aikinki. Kina da rabo a wannan nauyi, amma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba.

Ba ki da ikon mayar masa da ganinsa, 'yata, ba ki kuma da ikon hana shi baƙin ciki. Abin da ke hannunki shi ne ya ji daga bakin 'yarsa, a cikin gidansa, tun bishiyoyin mutumin nan suna tsaye da kawunansu. Kada ki bari watan ya ƙare.

Allah ya ba Baba Tsoho lafiya da juriya, ya sanyaya zuciyar Mamanki, ke kuma ya buɗe miki ƙofar aiki mai albarka.

Gwaggonku