Ba Ni Ke Riƙe Da Sitiyari Ba

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wanga fili. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafi. Don Allah kada a buga sunana, kuma sunayen da za ku gani a ciki duk na sauya su. Abu guda nike roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci, don na riga na zagi kaina zagin da babu mai ƙara mani sabo. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ku miƙe shi.

Ni direba ne, mutumin ƙasar Rabah. Babbar motar da nike ja ta surukina ce, bari in kira shi Alhaji. Shi ya tsamo ni ina dako a bakin kasuwa, ya sa anka koya mani mota, ya kai ni Sakkwato na yi lasin, daga baya ya ɗauki ɗiyarsa Hajo ya ba ni. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, balle in yi mashi musu. Yana da babban ɗa, Sani, wan matata, magidanci da iyalinsa, shi ke kula da cinikin ubansa. Sani ya daɗe yana son mota kamar ransa. Ya je gwaji, Baturen da ke gwada direbobi ya kayar da shi, abin ya tsaya mashi a zuciya. Wani lokaci in mun fita daji inda babu kowa sai in ba shi ya ɗan taɓa. Wannan shi ne laifina na farko, ban ɓoye shi ba.

Ranar da abin ya faru mun ɗauko shinkafa daga Wurno za mu kai kasuwar Goronyo, mu biyu kaɗai a mota, da hantsi. Da munka kusa gari sai ya ce mani, "Ƙanena, ba ni in shiga da ita. Yau dai mutanen Goronyo su gan ni bisa mota." Na ce, "Yaya, ranar kasuwa ta hwa, hanya cike take da jakuna." Ya yi dariya ya ce, "To mi za ya hwaru? Ba ga ka nan kusa da ni ba?" Ku gaya mani, yaya zan ce a'a ga mutumin da motar ubansa ce, ƙanwarsa kuma tana ɗakina? Na san amsar, cewa zan yi a'a kawai. Amma ban ce ba. Na tsaya, na sauka, na zagaya, munka yi musayar wuri. Ba mu yi nisa ba wani dattijo ya ɓullo daga hanyar fadama yana kora jaki da kayan albasa. Jakin ya ji ƙugin mota ya yi tsakiyar hanya, dattijon ya biyo shi don ya jawo shi. Na yi ihu, "Birki! Birki!" Sani ya ruɗe, maimakon birki ya taka totur. Ban san yadda zan kwatanta maku ƙarar ba. Mota ta bi ta kan mutum, ta sauka hanya ta rungumi gawo, kaina ya bugi gilashi.

Da na fito jini na zuba mani a ido, na iske dattijon kwance, ƙafarsa ta dama ba ta da siffar ƙafa. Yana salati, bai suma ba. Na kwance rawanina na ɗaure mashi cinya, na ɗauke shi na kai inuwa. Sani kuwa ya sauko ya zauna a ƙasa, ya dafe ƙirji inda sitiyari ya buge shi. Kafin mutanen kasuwa su iso duk muna ƙasa, babu wanda ya ga wa ke ja. Kowa ya san ni ne direban Alhaji, don haka babu ma wanda ya tambaya. Anka samu wata mota ta kwashe mu zuwa asibitin Sakkwato. Can likita ya yanke ƙafar dattijon daga gwiwa. Sunansa a nan Baba Mamman, manomin albasa ne, da ƙafar nan yake ban ruwa yana ciyar da gidansa.

Alhaji ya iso tun kafin 'yan sanda su ɗauki bayanina, Sani kuma ya gaya mashi wa ke ja. Ya ja ni bayan asibiti, ya kama hannuna biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ɗana, saurara. Motar ga tana da inshora, gwamnati ta tilasta muna. Kamfani za ya biya tsohon ga diyyar ƙahwarshi, amma sai in mai lasin ke ja. In anka ji Sani na, ba su ba da ko anini. Ni kuwa ka san duk abin da ni mallaka yana cikin motar ga, ga ta can ta mutu jikin gawo. In sun ƙi biya, mi zan ba shi? Kai ka ce kai na. Tara ce za a yi maka, ko a karɓe lasin na ɗan lokaci, ni zan riƙe gidanka." Na ce, "Baba, ƙarya hwa ke nan." Ya ce, "Ƙaryar da za ta ciyar da gurgu." Sai na ga hawaye a gemunsa. Wallahi ban san lokacin da na ce to ba. Na shiga caji ofis, Sajan ya tambaye ni wa ke tuƙi, na ce ni ne. Ya rubuta, na sa hannu. Har na ji wani sanyi a raina ranar, ina ganin na rama alheri, na kuma taimaki miskini. Ashe igiya na tufka wa wuyana da hannuna.

Bayan 'yan makonni kamfanin inshora ya aiko wakilinsa, wani mutumin Ikko mai Hausa rangaɗau. Munka je da shi inda anka jawo motar. Bai yi mani tsawa ba, bai zarge ni ba. Ya zagaya mota, ya leƙa ƙasa, ya hau ya zauna a kujerar direba, ya ga sitiyari ya lanƙwashe. Sai ya nuna gilashi ya ce, "Malam direba, nan wajen hagu ne ya fashe, inda fasinja ke zama. Kan wa ya fasa shi?" Na ce kan Sani. Ya dubi tabon da ke goshina, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Shi Sanin yana da ciwo a kai?" Ya ce, "Kai kuma da sitiyari ya lanƙwashe a ƙirjinka, likita bai ga komai a ƙirjin ba?" Na ce jikina ne mai ƙarfi. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla da wannan jiki." Da zai tafi ya gaya mani cewa maganar za ta je gaban Majistare, lauyan kamfani zai yi mani tambayoyi, kuma kafin in buɗe baki za a ba ni Alƙur'ani in dafa. Ya ce wanda ya yi shaidar zur a kotun Bature gidan yari ne makomarsa, ba tara ba. Ni duk tsammanina magana ta ƙare a teburin Sajan. Babu wanda ya ce mani akwai rantsuwa. Tun ranar nike saukar da hula har gira, kamar hula za ta goge tabo.

Na ɗauki ƙafa na tafi duba Baba Mamman bayan an sallame shi, can ƙauyensu kusa da gulbi. Na iske shi a zaure bisa tabarma, an yafa zane inda ƙafar take a da. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne direban da ya buge shi, ya gafarta mani. Ya dube ni ya ce, "Matso, ɗana." Na matsa. Ya ce, "Kai ka ɗauke ni, na shaida hannunka, rawaninka ma yana nan an wanke. Amma ba kai na gani bayan sitiyari ba. Wancan fari na, mai jar dara." Na fashe da kuka gaban mutumin da ya fi ni cancantar kuka, na gaya mashi komai, har maganar inshora. Ya ja tasbaharsa. Can ya ce, "To kai za ka rantse, ni in ci. Wanga abinci halas na ko haram? Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ka tambayo muna. Abin da na sani, tunda uwata ta haife ni ban taɓa dafa Littafi bisa ƙarya ba. In sunka tambaye ni wa na gani, zan hwaɗi. Ka yi addu'a kada su tambaye ni."

Na fito zan tafi, sai matarsa ta tare ni a bakin danga, dattijuwa ce, ta ji duk abin da munka ce. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka biye mashi. Shi yana zaune yana tasbaha, ni ke auna hatsi. Albasarmu ta bushe a fadama babu mai ban ruwa, jakin ya mutu, ɗiyanmu maza ba su rayu ba, jikoki ne cike da gida. Kun ɗauke mashi ƙahwa, yanzu kuma za ka zo da gaskiyarka ka ɗauke muna tuwo? Gaskiyar taka ina ta tahi ranar da ka ba wancan mota?" Edita, mi zan ce mata? Akwai kalma guda cikin maganarta da ba daidai ba?

Na je wurin wani malami a Wurno, na yi mashi tambaya a kaikaice, kamar labarin wani ne. Bai bari na ƙarasa ba ya ce rantsuwar ƙarya da gangan ba ta da kaffara sai tuba da mayar da haƙƙi, kuma dukiyar kamfani ko ta wanda ba Musulmi ba ce ba ta halatta da zamba. Na ce to gurgun fa? Ya ce haƙƙinsa yana wuyan wanda ya buge shi da wanda ya ba da motar. Na sani, Malam, na sani. Amma wuyan namu mi ke gare shi? Ko an sayar da ni da Sani da gawar motar ba mu kai abin da kamfani zai ba shi ba.

Kada ku ɗauka Sani mugu ne. Ya rame, ya daina fita kasuwa. Ya same ni da kansa ya ce, "Ƙanena, in ka ce in fito, gobe zan tahi wurin Sajan. Ni na yarda a ɗaure ni, na cancanta. Amma ka sani in na fito, kai ma ba ka tsira ba, kai ka ba ni mota, kai ka sa hannu bisa ƙarya. Mu biyu za a rufe, Baba ya mutu da baƙin ciki, tsohon can kuma ya tashi a tutar babu." Da ya yi mani barazana da ya fi mani sauƙi, da sai in ƙi shi in huta. Sai ya ɗora mani zaɓin a kai ya tafi.

Hajo kuwa tana da ciki, ba ta san komai ba. Ita a wurinta mijinta ne ya yi hatsari, ƙaddara ce, kullum tana lallashina tana cewa, "Maigida, ka ci abinci, ai ba da gangan ka yi ba." In na faɗi gaskiya, wanta da mijinta za su tafi gidan yari rana guda, kuma da bakina. In na rantse, zan dawo in ci tuwo da hannun da ya dafa Littafin Allah bisa ƙarya, in ɗauki jaririna da shi. Kuma ko na rantse ɗin ba lalle ne in tsira ba, don mutumin Ikko ya ga goshina, likita ya ga ƙirjin Sani, Baba Mamman ya ga jar dara. Tambaya guda lauya zai yi wa tsohon, komai ya rushe, in tashi babu lahira, babu lasin, shi kuma babu diyya. Na yi tunanin in gudu in tsallaka iyaka in shiga ƙasar Faransi, amma in babu direba a kotu wa zai tabbatar da maganar tsohon? Gudun ma cin amanarsa ne.

Ina roƙon masu karatu, musamman malamai da waɗanda sunka san dokar Nasara. Shin gaskiya ne kamfani ba ya biyan wanda anka buge in marar lasin ke tuƙi, ko akwai wata ƙofa da ba mu sani ba? Shi tsohon mi ya yi, shi da ke tafiya bisa hanyarsa? In mutum ya koma ya gyara maganarsa tun kafin rantsuwa, ana yi mashi sassauci? Akwai wanda zai iya kai kukan gurgu gaban Joji ba tare da ƙarya ba?

An sa ranar shari'a bayan salla. Alhaji zai zauna a bayana, za a shigo da Baba Mamman bisa sanduna, matarsa na jira a waje. Masinjan kotu zai miƙo mani Alƙur'ani ya ce in yi alwala in dafa. Har yanzu da nike rubuta maku wannan ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Jama'a, don girman Allah, mi zan yi?