Abin da Danda Ya Yi wa Mussar Inna

Baudeta, 9 ga watan Satumba

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kai da iyali kuna lafiya a Arlit, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi, gero ya fara nuna, ƙafar Baba Liman ma ta yi sauƙi. Khairat ce take rubuta mini, don hannuna na dama yana ɗaure.

Ka san mussar da Inna ta rasu ta bari, mai tsare mana rumbu daga ɓeraye. Tun da wani muzuru ya yage mata wuya da bazara ba ta ƙara komawa daidai ba. Sai zawo da amai, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na sa ta a kwando, kabu-kabu ya kai mu Tasawa wajen likitan dabbobi. Ya matsa cikinta, ya duba dasashinta, ya auna kashi da jini. Ya ce tsutsar ciki ce, amma abin da ya kayar da ita wata cuta ce da ta ɗauka a cizon nan, mai karya garkuwar jikin mussa. Sau biyu ya maimaita cewa ba ta kama mutum. Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ba da maganin tsutsa, ya hana ta nono, sai dafaffiyar shinkafa da kaza kaɗan-kaɗan.

Kuskurena shi ne na faɗi wannan a bakin rijiya. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai muna kiwon sida, wato ƙanjamau, a gida. Danda, ɗan Baffa Rabo, ya shigo ta ƙofar da ke tsakanin gidajenmu da taɓarya, yana cewa ba za a kashe masa 'ya'ya ba. Ya sami mussar kwance gindin randa, ya maka mata a kai, ido ɗaya ya fashe, jini ya fantsama har bango. Na faɗa kanta. Dukan na biyu a hannuna ya sauka, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Na cije shi a ƙauri ban saki ba sai da mata suka ɓamɓare ni, bakina duk jini.

Mussar ta rayu, Yaya. Zawon ya tsaya kwana shida ke nan, jiya ta cinye abincinta tas. Danda ya aiko wai tsoro ne ya ja shi. Na ce na ji. Kada ka kira shi, kada ka taso. Na riga na sa magini ya toshe ƙofar nan da Baba da Baffa suka buɗe da hannunsu, kuma ina tsaye har ya gama yaɓe.

Ka gaishe mini da Maryamu da Habibu da jaririya Safa. Baba Liman da Tanna suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hindatu