Koren Tampol a Motar Mma

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Direba, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ina fatan an yalwata maka makwanci, kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Maamobi lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ni ce Adiza, 'yarka mai shagon kayan mota a Abossey Okai. Na san ba karantawa za ka yi ba, amma Yaya Issaka zai karanta, 'yan unguwa ma za su karanta, tunda kwanan nan ba su da hira sai tawa. To su matso kusa. Da kai nake magana, amma ban rufe ƙofa ba.

Baba, na sayi mota. Akori-kura ce, irin mai jan ƙafa huɗu da kake kira kat-kat. Da ita zan kai Mma, mahaifiyarmu, ƙauyenku can bayan Tahoua, ta ga ƙanwarta Inna Mariama tun su biyun suna da rai. Dalilina ke nan, ba ni da wani.

Kai ka ɗauko ta daga can tana amarya, a gaban motar goro, ka ce mata shekara biyu za ku yi a Accra, da kake kira Ankara, ku koma gida. Duk bayan sallar layya sai ta tuna maka, kai kuma amsarka ɗaya ce: "Baɗi, in Allah Ya yarda." Ka yi ta kai goron mutane Yamai kana dawowa, matarka ba ka kai ta ba. Har muka raka ka maƙabarta baɗin nan ba ta zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina jin haushinka a kan wannan.

Yanzu Mma ta haura tamanin. Ciwon baya ba ya barin ta ta daɗe a zaune, sai ta kwanta. Inna Mariama kuma idonta ya tafi, maƙwabta ke riƙe mata waya ta aiko da murya. A saƙonta na ƙarshe ta ce, "Yaya, in ba ki taho bana ba, to sai a can." Sau uku Mma ta sa na kunna mata. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Yaya Issaka ya ce a sa ta a jirgi. To jirgi ya sauke ta a Yamai, daga nan fa? Wuni guda a zaune cikin bas, sannan inda kwalta ta ƙare a ɗora ta kan buhunan gero a motar 'yan kasuwa. Da na faɗa masa haka sai ya ce to a haƙura, ai ga waya. Ɗanka ke nan, Baba, ya gaji haƙurinka tsaf, musamman in haƙurin na wani ne.

Sai na sayar da filina na Kasoa na shiga neman mota. Shekara ashirin ina sayar da sifirin da kayan ƙafar mota, amma dillalin farko da ya dube ni cewa ya yi in kira maigidana. Na gyara ɗaurin zanena, na kwanta ƙarƙashin motar, na nuna masa inda aka rufe tsatsa da fenti. Mota uku na ƙi. Ta huɗun tsohuwa ce, fara, ta yi aiki a gonar koko. Bodinta duk ya lotsa, amma injin dizal ne mai lafiya, ba irin na yanzu da sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa ba. Kowane bakanike a bakin hanya zai iya buɗe shi ya rufe.

Ka tuna Issaka ka ɗora a kan sitiyari, ni kuma ka miƙo mini tsumma in goge gilashi. "Mota ba aikin mace ba ne," in ji ka. Yau Issaka ko taya bai iya canzawa ba, trotro, bas ɗin haya, yake shiga zuwa ofis. Ni kuwa ina goge gilashin nan kunnena na wajenku, ba abin da ya wuce ni.

Gyaran motar da Masta Kofi muka yi shi, mai walda a bayan shagona, Ba'asante ne, mutumin kirki. Muka canza sifirin muka ɗaga ta sama, muka sa mata tayoyi masu kauri da safaya biyu. Ya ƙara mata tanki na biyu, ya yi wa jarkokin ruwa mazauni, ya ɗaure shebur da faffaɗan ƙarafa biyu da ake cusawa ƙarƙashin taya in ta nutse. Da muka gama ɗaga ta sai muka ga ta fi ƙarfin ƙafar tsohuwa, dole ya ƙera matakala mai naɗewa. Ya ja baya ya dube ta, da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Madam Adiza, motan ka ya zama soja paa."

Rairayi kuwa a Accra sai bakin teku. Na kai ta can gwaji wata Lahadi da safe, na shiga da ƙarfina, ta nutse har ciki. Masunta suka bar tarunsu suka zo kallo, suna dariya suna magana da yarensu na Ga, sun ɗauka ba na ji. Ina tsaye gumi na zuba sai maganarka ta faɗo mini: "In ka shiga rairayi rage iskar taya, kada ka yi kokawa da shi." Da Issaka kake yi, ba da ni ba. Na tsuguna na rage wa tayoyin huɗu iska, na sa giya, ta fito sumul. Na yi nisa da masuntan tukuna, sannan na tsaya na yi kukana.

Duk wannan ba shi ya jawo surutu ba. Gadon ne.

Na ce wa Masta Kofi ya ƙera gadon ƙarfe a bayan motar, tsawon mutum ɗaya, siriri saboda jarkoki su sami wuri, da kariya a gefe kada Mma ta gangaro, da ƙarafa lanƙwasassu a sama da za a rufe saboda rana. Shi da dabararsa ya ƙara masa hannaye, biyu gaba biyu baya, don in an tsaya hutawa a sauke gadon da ita a kai. Ya samo tampol kore, ya ce shi ya fi kauri. Shi ba Musulmi ba ne, bai ga komai ba. Ni da ya kamata in gani, idona na kan walda, ina duba ko ta kama.

Ranar Alhamis da hantsi na kawo motar unguwa. Ka san lungunmu mota ba ta shiga, sai na tsaya bakin kwalbati kusa da masallaci, na roƙi maza huɗu daga teburin mai shayi su kai gadon gida Mma ta gwada. To Baba, ka duba da idonka: maza huɗu sun ɗauko dogon abu rufe da kore a kafaɗa, suna shiga gidanmu, ni ina biye da su. Kafin mu kai ƙofa mai waakye, wato shinkafa da wake, ta saki ludayi ta fara salati. Kafin a sauke, labari ya kai Nima, ya tsallaka Kanda. Ladan ya aiko a tambaya ko bayan azahar za a yi sallar. Mata suka cika tsakar gida da mayafansu suna kuka, sai suka tarar da Mma a kan tabarma tana shan koko. Ta ɗago kai ta ce, "Wa ya rasu?"

Da a nan ta tsaya, da dariya za a yi a watse. Amma wani ya riga ya buga wa Yaya Issaka waya a ofis ya ce uwarsa ta cika. Ya iso a kan babur ɗin okada ido jajur, takalmi ƙafa ɗaya. Wannan kam na ba shi haƙuri, kuma har yanzu ina ba shi. Da numfashinsa ya dawo sai ya nuna gadon a gaban kowa ya ce, "Kin ƙera wa uwarmu makara da ranta. Allah ne Ya nuna miki, ki bar tafiyar nan." Mata suka gyaɗa kai, suka ce ishara ce. Wallahi, Baba, na karaya. Na kai hannu zan yaye tampol ɗin, kuma na san in na yaye shi tafiyar ta mutu ke nan.

Mma ce ta ce in dakata. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatin ƙarfen nan nata. Ta fito da farin ƙunshin da ka sani, likkafanin da ta sayo a Makka ta wanke da zamzam. Ta sa aka ɗaga gefen tampol, ta kwanta a gadon, ta miƙe ƙafa, ta ce katifar ta yi. Sannan ta tura ƙunshin ƙarƙashin matashi ta ce, "Ku bar shi kore. Mutuwa ta san hanyar Maamobi, ba a nan ta ɗauki Malam ba? In na isa, na isa. In ban isa ba, ga kayana a kusa, ba wanda zai wahala."

Mai waakye ce ta fara zamewa, wai ta bar tukunya a wuta.

Saboda haka tampol na nan kore, kuma ba zan canza shi ba. Masu cewa neman suna nake yi, su ci gaba, ko a jikina. Masu cewa zan kai tsohuwa ga halaka, ina suke shekara da shekaru tana zaune bakin ƙofa tana tare duk baƙon da ya zo daga Nijar da tambayar mutanenta? Sun gaishe ta sun wuce. Yanzu da aka sami mai kai ta, kowa ya zama malamin fassara ishara.

Na san hanya ba irin ta zamaninka ba ce. Ba da ka zan tafi ba. Na zauna da direbobin da ke zuwa can suna dawowa, sun faɗa mini inda ake bi da inda ba a bi, kuma da rana kawai za mu yi tafiya, cikin ayarin motoci. Takardunmu sun cika. Alhaji Mamman, tsohon abokin tuƙinka, ya ce da shi za a je, mu riƙa karɓar juna. Ina jin tsoro, ban musa ba. Amma abin da na fi tsoro shi ne waya ta yi ƙara daga can, in shiga ɗaki in tsaya a kan Mma ina neman ta inda zan fara.

Yaya Issaka bai yi mini magana ba tun ranar. Gaban motar na ɗaukar mutum uku, mu biyu ne, ni da Alhaji Mamman. Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu tashi daga bakin kwalbati. Ya san wurin.

Jiya da la'asar Mma ta miƙo mini hularka, jar darar nan da ta koɗe, ta ce in ajiye a gaban gilashi. Na ce mata ai kai ka hana ta gida. Ta dube ni ta ce, "Shi ma bai koma ba." Ashe ranar da za ku baro ƙauye ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa ba za ka dawo ba sai a motar kanka. Ka tuƙa ta mutane har ƙarfinka ya ƙare, taka ba ta samu ba, kunya ta hana ka komawa, har tsohuwarka ta rasu ba ka ganta ba. Ban taɓa sani ba, Baba. Shekarun nan duk ina fushi da kai, ashe kai ma ciwon na cinka. Ka yafe mini.

Yau da safe na kira mai fenti. Ka san a nan ana rubuta sunan mai mota a jikin ƙofa. Ya tambaye ni yadda ake rubuta Adiza, na ce ba shi za a sa ba. Ya rubuta Idi Direba, Maamobi, da baƙin fenti, ƙofa biyu. Duk wanda ya fito tarbar mu a ƙauye zai karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a inda ba a rabuwa. Allah Ya riƙe ran Inna Mariama har mu iso, Ya ba Mma ƙarfin hanya, Ya sanyaya zuciyar Yaya Issaka. Ya tsare mu daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya kai motarka gida lafiya. Amin.

Na bar ka cikin amincin Allah.

'Yarka mai goge gilashi,
Adiza