Sunayen da Ke Ƙarƙashin Hoton

Litinin, 3 ga Maris
Ruwa tun safe. Muna kan rufin gidan tsofaffi. Saƙo daga Marat, likitan dabbobin nan da ya zauna ajina a ƙasarsu bara, lokacin da gidauniyar jam'iyyarmu ta tura ni koya musu takarar kansila. An kama huɗu cikin 'yan ajin ashirin da biyu. Wai da hotonmu 'yan sanda ke bi gida-gida, da sunaye a ƙasa. Yana roƙon a cire shi daga intanet. Na ci burodina da kifi a mota.

Talata, 4 ga Maris
Na kira Solvej, mai kula da shirin a ofishin gidauniya. "Ejvind, da harajin jama'a aka yi, rahoton da hoton ke ciki na jama'a ne. Sai kwamiti ya zauna, ranar ashirin." Kuma shirin ma an jingine shi, wai yanzu da gwamnatin can ake ɗasawa saboda iskar gas. Na ce ni a wuni ɗaya nake yaye rufin gida sukutum. Ta ce ta san yadda nake ji. Ni ban ji komai ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Wurin katako. Preben mai fenti daga nesa: "A ba Jakada hanya! Barka da rana, yau wace ƙasa za a gyara?" An yi dariya. Ni ma.

Asabar, 8 ga Maris
An kama mutum na biyar, matar nan mai kantin magani.
Hoton yana nan saman teburina. Ina shekara sha shida na bar makaranta da guduma. Yau ma'aikata talatin da ɗaya, shekara sha takwas a majalisar gari. 'Yan jami'ar da muka je tare sun yi ta nuna zane a bango, mutane na hamma. Ni aka tafa wa.
Ranar ƙarshe, a matakalar otal, da aka zo ɗaukar hoton, wasu suka noƙe. Marat ya ce, "Maigida, ni zan riƙe muku jakunkuna." Na kamo hannunsa. Na ce a garinmu ko kofi nawa majalisa ta sha kana iya tambaya a nuna maka, mai neman ƙuri'a ba ya ɓoye fuska. Ya tsaya kusa da ni. Yana murmushi ma.

Talata, 11 ga Maris
Na sake kira, na ɗaga murya. Solvej ta bari na gama. "Namu hoton babu suna ko ɗaya, Ejvind. Ka duba ko akwai wani a wani wuri."
Akwai. Shafin kamfanina, ƙarƙashin sabbin motoci. Ni na rubuta sunayen, na bi takardar da suka sa hannu harafi-harafi don kar in ɓata sunan kowa. Da garuruwansu.
Matata Bodil ta cire shi daga kwamfutar ofis. Minti biyu. Shekara talatin da aure, ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Ta tafi ta ɗora ruwan kofi.

Laraba, 12 ga Maris
Na rubuta wa Marat: an cire. Bai buɗe ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Bai buɗe ba. Na wanke mota.

Alhamis, 20 ga Maris
Kwamiti ya amince a cire nasu, baki ɗaya. Sun gode mini bisa jajircewa.

Juma'a, 28 ga Maris
Bikin buɗe gidan tsofaffi. Magajiyar gari, almakashi, kek. Mai hoton jarida ya ce kowa ya hau matakala. Tesfay, dattijon kafintana da ya zo daga Eritiriya, ya zame bayan mota, kamar kullum. Shekara bakwai ni ke janyo shi cikin hoto.
Preben yana ihu: "Jakada, tsakiya fa taka ce!"
Na ce su ɗauka, zan duba magudanar ruwa ta baya. Na tsaya wajen Tesfay. Ya miƙo mini sigari, na karɓa, ni da na daina tun tuni.
Magudanar lafiyarta ƙalau. Na duba saƙon da na tura wa Marat.
Bai buɗe ba.